Tambayoyin Masu Karatu: Gane Shekarar Tsohuwar Tarakta Daga Lambar Jikinta

Da zarar damina ta ƙarato, kasuwar tsofaffin taraktoci sai ta motsa, wasiƙun da ke shigo wa wannan fili kuma su koma magana ɗaya: an ce mini taraktar ta shekara kaza ce, yaya zan tabbatar? Mun zaɓo bakwai daga cikinsu. Wasu amsar tasu gajeriya ce, wasu kuwa sai mai tambaya ya ɗauki tocila da tsumma ya tsuguna a gindin ƙarfen.

Assalamu alaikum. An kawo mini Massey Ferguson 135 in saya. Dillalin ya rantse 'yar 1978 ce, fentinta ja wur, bonet sabo fil. Lambar da ke kan ɗan farantin ƙarfen da ke ƙasan sitiyari ita ce 128640. Gaskiya ya faɗa mini?
*Manomi daga Funtuwa*

Wa alaikumus salam. Alhaji, in dai ƙirar Ingila ce, kuma farantin nata ne na asali, taraktar nan 'yar 1969 ce. An rage mata shekara tara.

Masana'antar Banner Lane da ke Coventry a Ingila, inda aka ƙera mafi yawan 135 ɗin da suka shigo ƙasashenmu, ba ta rubuta shekara a kan farantin. Lamba ce kawai take tafiya a jere, kowace tarakta da ta sauko daga layi a ba ta ta gaba. Don haka abin da ake riƙewa shi ne lambar da kowace shekara ta fara da ita. Shekarar 1965 ta fara da 101, 1966 da 30283, 1967 da 67597, 1968 da 93305, 1969 da 117429, 1970 da 141426, sai 1971 da 162200. Taka ta wuce 117429 amma ba ta kai 141426 ba, ke nan tana cikin 1969, kuma da yake ta faɗa kusan tsakiyar tazarar, wajen tsakiyar shekarar aka haɗa ta.

A cikin 1971 kamfanin ya yanke wannan jeri bai kai 200000 ba, ya yi tsalle ya koma farawa daga 400001. Daga nan 1972 ta fara da 403518, 1973 da 419583, 1974 da 432709, 1975 da 445602, 1976 da 457866, 1977 da 469335. Da 'yar 1978 ce da ka ga lamba mai dubu ɗari huɗu da tamanin da wani abu. Wannan tsallen yana da amfani guda: duk 135 ɗin da aka ce 'yar Coventry ce, sai ka ga lambarta dubu ɗari biyu da wani abu ko dubu ɗari uku da wani abu, to ka tsaya. Ko dai ba a can aka ƙera ta ba, ko farantin ba nata ba ne.

Ga inda mutane da yawa ke faɗawa rami. Kowane samfuri da jerinsa. Yayarta, wato 165, tafiyarta akasin haka ce: ta fara da 500001 a 1965, ta kai 581457 a farkon 1970, sannan a 1971 aka dawo da ita baya ta fara daga 100001. Shekarar 1972 ta fara da 103622, 1973 da 116353, 1974 da 126448, 1975 da 135036. Wato da wannan lamba taka 128640 a jikin 165 take, da 'yar 1974 ce. Kuma 165 mai lamba dubu ɗari biyar da wani abu ta girmi mai dubu ɗari da wani abu, ko da yake lambarta ta fi yawa. Dillalai kan juya wannan su ce babbar lamba ita ce sabuwa, wani da gangan, wani don shi ma haka ya ji.

Sai kuma ka karanta rubutun da ke kan farantin kafin ka dogara da waɗannan alƙaluma. An ƙera 135 a Detroit ta Amurka, inda mafi yawan lambobin ke farawa da 9A, an kuma ƙera ta a Beauvais ta Faransa da nata jerin daban. Jerin Coventry ba ya aiki a kansu ko kaɗan. Tambayar farko kullum ita ce wace masana'anta, ta biyu wane samfuri, sannan a zo ga shekara.

Shawararmu: kada 1969 ta kore ka. Injin Perkins mai silinda uku da ke cikin 135 yana daga cikin waɗanda suka fi jure wahala, kayan gyaransa kuma ba sa wuya. Tayar da ita da sassafe inji na sanyi, ka ga ko tana kamawa ba tare da doguwar kik ba, ka rataya mata garma ka ɗaga ka kashe inji ka ga minti nawa take riƙewa kafin ta sauke. Wannan ne zai gaya maka kuɗinta. Amma mutumin da ya rantse a kan shekara ba daidai ba, sauran abin da ya faɗa ma sai ka sake dubawa.

Ƙungiyarmu ta manoma tana da tsohuwar Massey da muka saya hannu na uku. Fenti da tsatsa sun cinye lambar inji, farantin kuma ya goge har ba a ganin komai. Wani ya ce mu sa giranda mu goge wurin. Mu sa?
*Sakataren ƙungiya, Haɗeja*

Malam Sakatare, kada giranda ta kusanci wurin. Zurfin lambar da aka buga a jikin bulo bai taka kara ya karya ba, daƙiƙa kaɗan na giranda sun isa su shafe ta har abada, kuma su bar muku tabon da duk mai saye nan gaba zai ɗauka na ɓarayi ne.

Ku fara da wanke wurin da kananzir ko man gas da tsumma har baƙin mai ya fita. A jikin bulo, ku shafa maganin cire fenti, ku bar shi ya jiƙa fentin ya kumbura, ku kankare da tsinken katako, sannan buroshin waya na hannu a hankali. In tsatsa ta rage, samfefa mai laushi, lamba 400, a naɗe ta a jikin ɗan katako mai faɗi don ta ci saman kawai ba ta shiga cikin ramin lambar ba. Farantin kuwa na alminiyam ne mai taushi, buroshin waya zai kashe shi. Tsohon buroshin haƙori da kananzir sun ishe shi. Baƙin rubutun da aka buga da tawada shi ne ke gogewa da rana da hannu, lambar ita kanta hudawa aka yi, yawanci tana nan ko ido bai gan ta ba.

Bayan wurin ya bushe, ku goga alli, ku share saman da babban yatsa. Farin zai zauna cikin ramukan. In bai fito ba, ku jira magariba, ku kwantar da tocila a gefe hasken ya bi saman ƙarfen a kwance, ba ta fuska ba. Inuwar da ke faɗawa cikin ramin ita ke zana lambar, abin da ranar tsaka ke ɓoyewa. Ku ɗauki hoto da waya daga dama, daga hagu, daga sama, ku buɗa shi. Ana kuma ɗora farar takarda a goga gefen bakin fensir a kai. Ku rubuta abin da kowace hanya ta ba ku daban, sannan ku gwama, domin 3 da 8 na rikiɗa, haka 5 da 6, 1 da 7, B da 8, D da 0. Kuskure ɗaya a lambar farko yana iya kai ku shekara biyar gaba ko baya.

In faranti ya tafi gaba ɗaya, saura lambar zubi. Manyan sassan tarakta, irin su kaskon giya, kaskon tsakiya na baya, hannayen aksul biyu da bulon inji, narkakken ƙarfe aka zuba a ma'auni, kuma maƙerar kan saka ranar zubin a ciki. Ana gane ta da cewa ta taso sama, ba a huda ta ciki ba. Yawanci rana ce, da wata, da lamba ɗaya tak ta shekara. A jikin tsohuwar Ferguson, 14 3 2 na nufin 14 ga Maris 1952. Wasu maƙeru harafi suke sa wa wata maimakon lamba. Kada ku ruɗe da doguwar lambar da ke ƙarewa da M1 ko M91, wannan lambar kayan gyara ce ta Massey Ferguson, babu shekara a cikinta.

Da yake lamba ɗaya ce ta shekara, 2 na iya zama 1952, 1962 ko 1972. Samfurin ne zai raba gardama, tunda 135 ba ta wanzu a 1962 ba. Ku tattara ranaku daga sassa uku ko huɗu. In sun taru cikin 'yan watanni, ku ɗauki wadda ta fi kusa, ku ƙara makonni kaɗan zuwa 'yan watanni, nan ne lokacin haɗa taraktar, domin ana zuba ƙarfe ya jira kafin ya hau layi. In guda ɗaya ta yi nisa da sauran da shekaru, wannan sashen canza shi aka yi. Kik da dainamo na kamfanin Lucas su ma suna ɗauke da kwanan ƙira a jikinsu, lambobi biyun ƙarshe su ne shekara, sai dai da wuya a samu tarakta mai shekara hamsin da kik ɗinta na asali. Taya kuwa ba shaida ba ce a nan. Lambobi huɗun da ke gefenta, mako da shekara, shekarun tayar kawai suke faɗa.

Ina da 165, faranti ya nuna 'yar 1973 ce bisa lissafin da na gani. Amma lambar inji ta fara da LD, akwai U a tsakiya, ta ƙare da K. Yaron shagon kayan gyara ya ce K na nufin 1983. Wanne ne daidai?
*Mai hayar tarakta, Saminaka*

Duka biyun, ɗan'uwa. Taraktar 'yar 1973 ce, injin ɗan 1983. An yi mata dashe.

Daga tsakiyar shekarun 1970 Perkins ya koma wani tsarin lamba mai gaɓa biyar. Haruffa biyun farko suna faɗin irin injin: CE shi ne mai silinda uku na 135, LD shi ne mai silinda huɗu samfurin 4.236, LF shi ne samfurin 4.248 da ake samu a 185 da 290. Lambobin da ke biye na jerin kayan da aka haɗa injin da su ne, kuma su mai shago ya fi buƙata. Harafin tsakiya ƙasar ƙira ce, U Ingila ke nan. Sai lambar injin ita kanta, sannan harafin ƙarshe, shekara. A ita ce 1974, B 1975, C 1976, D 1977, E 1978, F 1979, G 1980, H 1981. Ana tsallake I don kada ta yi kama da 1, sai J 1982, K 1983, L 1984, M 1985, N 1986. Ana tsallake O, P 1987, a tsallake Q da R, S 1988, T 1989, U 1990, V 1991, W 1992, X 1993, Y 1994. A 1995 aka dawo kan A. Masu ƙirga haruffa da yatsa ba tare da sanin waɗanda aka tsallake ba kullum suna zamewa da shekara ɗaya zuwa huɗu.

Ko ba harafin ƙarshe, LD kaɗai ta tona asirin. 165 ta Coventry ta fito da inji samfurin 4.203 da farko, daga baya 4.212. Kuma injin da aka ƙera a 1973 tsohon tsarin lamba yake ɗauka, wanda ke farawa da girman injin, kamar 212U ko 152U, babu harafin shekara a ƙarshensa. A tsohon tsarin, D ko L da ka gani a ƙarshe bayanin ƙirar inji ne. Mun sha ganin an karanta wannan D a matsayin 1977 an ɗora wa tarakta kuɗi a kai.

Dashen ba aibu ba ne, 4.236 ya fi na asalin ƙarfi. Abin kiyayewa shi ne wajen sayayya: fistin, ringi, laina, metal, gasket da nozul ka saya da lambar inji; kuloci, birki, famfon haidirolik da kayan giya ka saya da lambar faranti. Ko da lambar a hannu, akwai kayan da sai ka kwance ka ƙirga. Famfon haidirolik na Massey akwai mai haƙora 10 a sandarsa, akwai mai 21, kuma a tarakta irin taka da hannaye da yawa suka taɓa, ba lamba ce za ta gaya maka wanne ke ciki yau ba. Kai tsohon shago a hannunka.

Na sayi Ford 5000. Makanikena ya nuna mini layi uku na lambobi a bayan kik: E1014C, sai 1K14B, sai wata doguwa da ta fara da B. Me suke nufi?
*Manomin shinkafa, Kura*

Alhaji, ka yi dace, domin Ford ya fi Massey sauƙi a wannan fanni: har ranar da aka haɗa taraktar ya rubuta. Wurin da makaniken ya nuna maka shi ne daidai, wani ɗan fili mai sumul a gefen dama, bayan kik, inda inji ya haɗu da giya. Akwai kwafinsu a takardar da aka manna a cikin bonet, amma bonet na yawo daga tarakta zuwa tarakta, na jikin ƙarfe ake yarda da shi.

Layin 1K14B shi ne kwanan wata. Lambar farko shekara, harafi wata, lambobi biyu rana, harafin ƙarshe rukunin ma'aikatan da suka yi aikin. Watanni daga A Janairu har H Agusta, a tsallake I, J Satumba, K Oktoba, L Nuwamba, M Disamba. A ƙarshe kuma A masu aikin tsakar dare, B masu rana, C masu yamma. Taka an haɗa ta ranar 14 ga Oktoba 1971, da rana. Harafin da doguwar lambar ta fara da shi masana'anta ce: A Antwerp ta Beljiyam, B Basildon ta Ingila, C Amurka.

Layin E1014C bayanin samfuri ne. E ita ce 5000, kamar yadda B take 2000, C 3000, D 4000, F 7000. Lamba 10 tarakta ce ta noma ta gama-gari, 1 mai bi mata dizal, 4 sandar baya mai juya kayan aiki wadda ba ta dogara da kuloci ba, C kuma giya takwas. Kafin Afrilun 1968 ba harafi ake sawa a farko ba, lamba ce, wato 5 maimakon E. Wannan ƙaramin bambanci shi ke warware matsalar da tsarin ke da ita. An yi 5000 daga tsakiyar shekarun 1960 har 1975, don haka kwanan da ya fara da 5 na iya zama 1965 ko 1975. In layin samfuri ya fara da 5, ta 1965 ce. In da E ya fara, ta 1975 ce. Tsarin kwanan ya ci gaba a 6600, wadda aka yi daga 1975 zuwa 1981, da 6610 da ta gaje ta, nan ma yawanci samfuri ne zai gaya maka wane goman shekaru kake ciki.

Ga dalilin da ya sa 1968 ke da nauyi ga mai 5000. Kafin ita girman injin inci kubik 233 ne, faɗin silinda inci 4.2. Bayanta ya koma 256, faɗin inci 4.4. Daga waje kusan kamarsu ɗaya. Wanda ya je kasuwa ya ce a ba shi fistin da gasket na "Ford 5000" kawai, sai an buɗe inji a gareji zai gane ya sayo na wata. Taka 256 ce, muddin injin na asali ne.

Ana tallata mana Massey Ferguson 375 sabuwa dal, an ce 'yar Ingila ce. Wasu kuma sun ce ta Pakistan ce, wai jabu. Yaya ake rabewa?
*Shugabar ƙungiyar mata manoma, Gombe*

Hajiya, sabuwa dal kuma 'yar Ingila ba sa haɗuwa a 375. An yi jerin 300, wanda 375 ke ciki, a Coventry daga 1986 zuwa wajen 1997, masana'antar Banner Lane kuma ta daina ƙera tarakta a 2002. Wadda ake sayarwa sabuwa yau kamfanin Millat da ke Lahore ne ke ƙera ta da lasisin Massey Ferguson. Ba jabu ba ce, amma ba ita ce ta Ingila ba, kayansu ba duka ke shiga juna ba, kuma bai kamata a karɓi kuɗinku da sunan Ingila ba.

'Yar Coventry ta gaskiya tana da harafin shekara a gaban lambobi biyar na ƙarshe: N 1988, P 1989, R 1990, S 1991, A 1992, B 1993, C 1994, D 1995. Ku lura wannan jeri ba ɗaya yake da na Perkins ba. S a farantin tarakta 1991 ce, S a ƙarshen lambar inji 1988 ce. Tarakta 'yar 1991 da injinta na asali za ta nuna S a faranti, V a inji, ko U in an ƙera injin a ƙarshen shekarar da ta gabata. Ta Lahore jerinta daban ne. Ku ba wakilin da ya shigo da ita lambar jiki da ta inji ku nemi takardar masana'anta.

Wannan matsala ba ta Massey kaɗai ba ce. Fiat 480 da 640 an ƙera su a Italiya, a Turkiyya, da Pakistan a kamfanin Al-Ghazi. Universal 445 ta Romaniya ita ma daga zanen Fiat ta fito. Sannan akwai waɗanda aka harhaɗa a gida, Fiat a Kano da Steyr a Bauci, daga sassan da aka shigo da su cikin akwatuna. A irin waɗannan, kwanan zubi yana faɗin lokacin da aka yi sassan a Turai ne, haɗawar tana iya zuwa bayan haka da tazara.

Mun gaji wata ƙaramar tarakta ruwan toka a rumbun mahaifinmu. Faranti ya ce TEF 395210. Akwai kuma wata ja da lambarta ta fara da SDM. Suna da wata daraja?
*Magaji daga Gusau*

Allah ya jiƙan mahaifi. Ruwan tokar Ferguson TE20 ce, wadda aka yi a Coventry daga 1946 zuwa 1956, sama da guda dubu ɗari biyar. TEF mai dizal ce, TEA mai fetur, TED kuma ana tayar da ita da fetur sannan a juya ta kan mai irin kananzir. Shekarar 1953 ta fara da 310780, 1954 da 367999, 1955 da 428093, don haka taku 'yar 1954 ce.

Jar kuwa Massey Ferguson 35 ce, kuma haruffanta sun fi lambarta magana. S jiki na gama-gari, D injin dizal na kamfanin Standard mai silinda huɗu, M kuloci mai hawa biyu. Da N ce a tsakiya, wato SNM, da Perkins ne mai silinda uku, wanda ya maye gurbin na Standard a ƙarshen 1959. Ja kuma SDM tana sa ta tsakanin ƙarshen 1957 da 1959, tunda na farkon, FE35, ruwan toka da ruwan zinariya aka yi musu. Lambar za ta tantance, 1958 ta fara da 79553, 1959 da 125068. Injin D ya yi suna wajen taurin tashi da sanyi, don haka kuɗinta bai kai na mai N ba, kuma akwai masu dasa mata Perkins su bar farantin yadda yake. Ku ƙirga bututun da ke fita daga famfon mai zuwa nozul, huɗu ne ko uku.

Daraja akwai, musamman ga masu tara tsofaffin taraktoci a Turai, amma tana tare da farantin. Kada ku cire shi don yin fenti, kada ku sayar wa 'yan gwangwan kafin wanda ya san su ya gani.

Takardar kwastan ta ce 2009, agogon awa kuma ya nuna 3200. Ba za su wadatar ba?
*Mai karatu daga Maraɗi*

Ba za su wadatar ba, Malam. Shekarar da ke jikin takardun shigowa sau da yawa shekarar sauka ce a tashar jirgin ruwa, ko abin da mai shigowa ya cika da hannunsa. Agogon awa na tsofaffin taraktoci waya ce ke juya shi daga inji. In ta tsinke ya tsaya cak ko da taraktar ta yi shekara goma tana aiki, in ya cika ya koma sifili, sabo kuma ana sayarwa a shago. Mai sayen bijimi a kara haƙoransa yake dubawa, ba ya tambayar mai shi shekarunsa. A tarakta, abin dubawa shi ne takalmin kuloci da na birki ko zanensu ya shafe ya yi sumul, ramin ƙarfen jan tirela ko ya tashi daga zagaye ya koma dogo, da yawan wasan da sitiyari ke yi kafin tayoyin gaba su amsa. Awa 3200 ba ta cinye ƙarfe haka.

Ka duba farantin da kansa. Na asali ya tsufa tare da wurin da yake zaune, ƙusoshinsa sun yi duhu iri ɗaya, datti ya cika gefensa. Faranti mai ƙyalli da sababbin ribit, ko ramuka biyu na daban a kusa da shi, ko lambobin da wani ya hau wani ya sauka, duk alamun an taɓa ne. Haka filin lambar inji in ya lotsa ko yana da zanen giranda. In ka ga ɗaya daga cikinsu, nemi takardar cinikin da ta gabata kafin ka ba da ko sisi, don taraktar sata ma haka ake yi mata.

In komai ya daidaita, a rubuta lambar faranti da lambar inji cikakku, harafi da harafi, a cikin takardar ciniki a gaban shaidu, a ɗauki hotonsu, a kuma kwafe kwanan zubin kaskon giya a bayan takardar.